Kayan Aiki Masu Batir: Yadda Ake Zaɓensu Da Yadda Ake Kula Da Su

Kowace shekara, cikin ɗaliban da muke yayewa daga aji shida, akwai waɗanda za su wuce jami'a, akwai kuma waɗanda za su tafi koyon sana'ar hannu, kamar kafinta, walda, wayarin gidaje, aikin famfo, haɗa tagogin alminiyam, ko kafa sola a kan rufi. Waɗansu ma za su haɗa biyun, su riƙa yin aiki a lokacin hutu domin su biya kuɗin makaranta. Babu abin kunya a cikin wannan ko kaɗan. Ubangijinmu da kansa an san shi a Nazarat a matsayin masassaƙi, manzo Bulus kuwa da ɗinkin tanti ya riƙa ciyar da kansa. Ba da daɗewa ba waɗannan 'yan'uwa namu, maza da mata, za su tsaya a gaban shagon kayan aiki riƙe da kuɗin da iyaye, ko dangi, ko ƙungiyar matasa ta ikkilisiya suka tara musu da wahala. Irin wannan kuɗi ba ya zuwa sau biyu. Domin haka muka ga ya kamata mu yi bayani a kan injinan hannu masu aiki da batir, waɗanda suka cika kasuwanninmu a yanzu.

Dalilin da ya sa masu sana'a suka rungumi waɗannan injina ba ɓoyayye ba ne. Yawancin gine-ginen da ake kiran ma'aikaci ba a riga an ja musu wuta ba, inda aka ja kuma ba kullum take zuwa ba. Dā kafinta yakan ɗauki ƙaramin janareta a bayan babur tare da doguwar waya. Amma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai yakan cinye rabin ribar ƙaramin aiki. Mutumin da ya yi cajin batura biyu da dare yana iya hawa rufi da safe ya ɗaura kwano har la'asar, babu hayaƙi, babu wayar da za ta harɗe masa ƙafa.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda waɗansu suke zato. Kamfanin Black & Decker na Amurka ne ya fitar da injin huji na farko marar waya a 1961, kuma a 1971 'yan sama jannatin Apollo 15 sun huda ƙasar duniyar wata da inji mai batir. Sai dai baturan wancan zamani, na nikel da kadmiyam, suna da nauyi kuma ba sa jimawa. Canjin gaske ya zo ne da batirin litiyam, wanda kamfanin Sony ya fara sayarwa a 1991, kamfanonin Makita da Milwaukee kuma suka shigar da shi cikin kayan aiki a 2005. Shi ne irin batirin da ke cikin wayar hannu, kuma kusan duk injin da za a saya sabo a yau da shi yake aiki.

Batir ne jari

Ga abin da muke so kowane ɗalibi ya riƙe: wanda ya sayi inji marar waya, a gaskiya batir ya saya. Injin kansa, idan mai kyau ne, yana iya yin shekaru da yawa. Batir kuwa yana tsufa ko ana aiki da shi ko ba a yi, kuma sau da yawa batura biyu da caja sun fi injin tsada. Bugu da ƙari, batirin wani kamfani yawanci ba ya shiga injin wani. Na Bosch ba ya hawa Makita, na DeWalt ba ya hawa Ingco. Amma a cikin kamfani ɗaya, batir guda yakan yi aiki a injin huji, da zarto, da giranda, da fitila, muddin layinsu ɗaya ne. Ke nan ranar da mutum ya sayi injinsa na farko, ya zaɓi gidan da zai zauna a ciki shekaru masu zuwa. Inji na biyu da na uku zai saye su tsirara, wato ba tare da batir ba, a kan kuɗi kaɗan. Wanda kuwa ya tsinto wannan daga nan, wancan daga can, zai wayi gari da caja huɗu da batura huɗu, kuma idan ɗaya ya mutu sauran ba za su taimake shi ba.

Saboda haka tambayar farko a shago ba ta ƙarfin inji ba ce. A tambaya ko ana samun batirinsa shi kaɗai a garin da za a zauna, da nawa ake sayarwa, da ko akwai mai gyaran da ya san shi. Kamfanin da ya yi suna a Turai amma sai an aika Legas kafin a samu batirinsa bai fi wanda ake samu a kasuwar Sabon Gari ta Kano ko a Dei-Dei ta Abuja amfani ga mai farawa ba. Akwai wani ƙaramin abu da ake sayarwa wanda ke haɗa batirin wani kamfani da injin wani. Ba mu ba da shawarar a dogara da shi ba, domin waɗansu kamfanoni a cikin inji suke sa abin da ke kashe wuta idan batir ya yi ƙasa ƙwarai, waɗansu kuma a cikin batir. Idan aka gauraya su, mai yiwuwa ne a rasa wannan kariya gaba ɗaya.

Yanzu bari mu duba lambobin da ke jikin batir, domin a nan ne ake yawan cutar mutane. Idan aka buɗe batir za a tarar da ƙananan ƙwayoyi masu kama da batirin tocila a jere. Kowace ƙwaya tana ba da bolt 3.6 a lokacin aiki, tana kuma wuce bolt 4 idan ta cika maƙil. Ƙwaya biyar a jere su ne bolt 18. Waɗansu kamfanoni suna lissafi da lokacin da batir ya cika, sai su rubuta 20V. Abu ɗaya ne. Kamfanin DeWalt ma yana sayar da irin batir guda da sunan 20V a Amurka, da sunan 18V a Turai. Haka nan 12V da 10.8V duk ƙwaya uku ne. To, idan ɗalibinmu ya ga ɗan ƙaramin inji mai araha an rubuta masa 88V ko 128V da manyan haruffa, sai ya tuna da lissafin da ya koya a aji ɗaya. Kafin a samu bolt 88 sai an jera ƙwaya fiye da ashirin, batirin da ke hannunsa kuwa biyar kawai zai iya ɗauka. Lambar ado ce. Wanda kuma ya yi ƙarya a jikin kwali, ba za mu amince da abin da ya sa a ciki ba.

Lamba ta biyu ita ce wadda ake rubutawa da Ah, alal misali 2.0Ah ko 5.0Ah. Idan bolt shi ne ƙarfin da ruwa ke fita daga famfo, wannan lamba ita ce girman tanki. A ninka bolt da ita, sai a samu yawan wutar da batir ke riƙewa. Bolt 18 sau 5 ya ba da 90, wato kusan abin da baturan wayar hannu biyar suke ɗauka. Bolt 18 sau 2 kuwa 36 ne kawai. Wannan lissafi yana da amfani. Injin da ke jan wat 600 zai shanye babban batirin nan cikin minti 9 idan ba a saki maɓalli ba, alhali injin ɗaura sukuru, wanda ke aiki daƙiƙa biyu ya huta, zai wuni da shi. Shi ya sa mai walda da ke wuni yana yankan ƙarfe a shago ya fi dacewa da giranda mai waya, ya ajiye mai batir domin fita aiki. Ba kowane aiki ne batir ya dace da shi ba, kuma mai shago ba lallai ne ya faɗi haka ba.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane batirin jabu, ita ce nauyi. Ƙwayar da aka fi amfani da ita, wadda ake kira 18650 saboda kaurinta milimita 18 ne tsawonta kuma 65, tana da nauyin giram 45 ko kusa da haka. Batirin bolt 18 mai 5.0Ah ƙwaya goma yake ɗauka, layi biyu na biyar-biyar, don haka tare da robarsa yakan wuce rabin kilo. Idan aka miƙo wani an rubuta masa 6.0Ah amma a hannu kamar holoƙo, to, a mayar. Hausawa sun ce araha ba ta ado. A nemi rasit mai sunan shago, a kuma sa a gwada injin da cajar a gaban mai saye.

Wane inji za a fara da shi?

Ga yawancin sana'o'i, injin huji mai bolt 18 shi ne na farko. A zaɓi wanda bakinsa ke kama tsinke har milimita 13, mai giya biyu, tare da batura biyu, domin ɗaya yana caji ɗaya yana aiki. Giya ta ɗaya a hankali take juyawa amma da ƙarfi, ita ce ta ɗaura sukuru da huda babban rami. Ta biyu mai sauri ce, ta ƙananan ramuka. Zoben nan mai lambobi da ke bayan baki, wanda masu koyo da yawa ba sa taɓawa, aikinsa shi ne ya saki sukuru idan ya shiga daidai, kada ya nutse ya fasa katako ko ya cinye kansa. A kan katako mai laushi kamar malaina ƙaramar lamba ta isa. Madaci da loko kuwa suna bukatar a fara huda musu siririn rami tukuna.

Wanda zai riƙa ɗaura dogayen sukurori duk rana, kamar mai rufi ko mai sola, zai ji daɗin injin nan gajere mai bugawa yana juyawa, wanda ke ƙara kamar ana buga ƙarfe. Ba ya murɗe wa mutum hannu, abin da ke da muhimmanci a kan tsani. Game da bango kuwa, injin huji mai alamar guduma yana iya huda bulo, amma kankare na ginshiƙi ko na dakin sai babban injin da ke amfani da tsinken SDS, tsarin da kamfanin Bosch ya fitar a 1975. Tilasta wa ƙaramin inji cin kankare shi ne hanya mafi sauri ta ƙona shi.

Za a kuma ji ana maganar inji mai burushi da marar burushi. Tsohon tsari yana da ƙananan gawayi biyu da ke gugar abin da ke juyawa a ciki, su ne ke fitar da tartsatsin da ake gani ta ramukan iska. Suna cinyewa, amma canza su ba wuya, kowane mai rewaya zai iya. Sabon tsari ba shi da su, don haka ba ya zafi sosai, batir kuma ya fi jimawa. Aibinsa shi ne idan allon lantarkin da ke cikinsa ya ƙone, gyaran yakan yi tsada. A ganinmu wanda zai yi aiki kullum ya daure ya sayi marar burushi na kamfanin kirki. Idan kuɗin bai kai ba, mai burushi na kirki ya fi marar burushi wanda ba a san asalinsa ba.

Wani gargaɗi ga masu sayen na hannu, wato kayan gwanjo da ake shigowa da su. Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa 120. Cajar da aka yi domin Amurka, idan aka soka ta a soket ɗinmu, nan take za ta ƙone. A juya bayanta a karanta abin da aka rubuta kafin a biya. Idan 120V kaɗai aka gani, sai a haɗa ta da na'urar rage wuta, ko a nemi caja ta kamfanin nan da layin nan mai 230V. Batirin kansa ba ruwansa da ƙasar da ya fito, cajar ce ke da zaɓi. Tsohon batir kuma ba a gane lafiyarsa da ido, don haka a yi ciniki kamar injin kaɗai ake saye.

Zafi da ƙura

Babban abokin gaban batirin litiyam a ƙasarmu shi ne zafi. Kamfanoni sukan ce kada a yi caji idan zafi ya wuce digiri 40 ko kusa da haka, a watannin Maris da Afrilu kuwa garuruwa irin su Yola, Sakkwato da Maiduguri sukan kai haka a inuwa ma. Batirin da aka bari a kan kwanon rufi da tsakar rana, ko a cikin mota a rufe, ko a akwatin babur kusa da salansa, yana rasa kwanakinsa ne a hankali ba tare da mai shi ya sani ba. Ba zai mutu a ranar ba. Sai bayan 'yan watanni a ga wanda dā yake wuni yanzu ba ya kai azahar, a ce kamfani ne ya yi ha'inci. A ajiye batirin da ba a aiki da shi a inuwa. Wanda aka cire daga inji da zafinsa a bar shi ya huce kafin a ɗora a caja. Caja mai kyau ma takan ƙi farawa da kanta har sai ya huce, kada a ɗauka ta lalace.

Akwai wata al'ada da masu koyo suke gada daga tsofaffin iyayen gidansu, wai sai batir ya mutu murus kafin a yi masa caji. Wannan shawara ta zamanin batirin nikel da kadmiyam ce, wanda Tarayyar Turai ta hana sa shi a sababbin kayan aiki tun ƙarshen 2016. Ga litiyam akasin haka ne. Da zarar inji ya fara rage ƙarfi, a tsaya a canza batir. Kada a riƙa matsa maɓalli ana tatsar ɗan abin da ya rage. Idan kuma za a ajiye shi na tsawon lokaci, kamar wanda zai koma makaranta ko zai tafi gona da damina, a bar shi da kusan rabin caji, a cire shi daga jikin inji, a riƙa dubawa bayan wata biyu ko uku. Batirin da aka jefar a akwati babu caji na wata shida, sau da yawa caja ba ta sake karɓarsa. Waɗansu sukan tashe shi da waya daga wani batir. Wannan wasa da wuta ne, ba mu yarda ɗalibinmu ya gwada ba.

Wutar da ake cajin da ita ma abin lura ce. Idan da janareta ne, a tashe shi ya daidaita kafin a soka caja, a kuma zare ta kafin a kashe shi. Idan an ɗauke wuta, a zare cajar, domin lokacin da ake dawo da ita ne takan zo da ƙarfin da ya wuce kima. Wanda ke da sola a gida ko a shago ya huta da yawancin wannan damuwa.

Ƙurar hunturu, da garin katako, da na siminti suna shiga ta ramukan iska su toshe su, inji ya riƙa zafi. Bayan aiki a kakkaɓe da busasshen burushi, ko a hura da famfon taya. Ƙarafunan da batir ke haɗuwa da inji a goge su da busasshen ƙyalle, ban da fetur, ban da ruwa. Garin ƙarfe na giranda ya fi kowanne haɗari, domin maganaɗisun da ke cikin inji yana jawo shi. Sa'an nan a tuna cewa tsinke ko zarto da ya dakushe yana sa inji ya ja wuta fiye da kima. Sau da yawa mutumin da ke kukan batirinsa ba ya jimawa, sabon tsinke yake bukata.

Dole mu yi magana a kan gobara, ba domin mu tsorata kowa ba. Batirin litiyam da ya fashe, ko ya kumbura, ko ruwa ya shige shi, yana iya kama wuta da kansa, kuma hayaƙinsa guba ne. Shagon kafinta kuwa cike yake da garin katako, da fenti, da sinadarin tsinka fenti. A yi caji a kan siminti, nesa da waɗannan, a lokacin da akwai mutum a kusa. Kada a yi a kan katifa, kada a kulle shago a bar caja tana aiki har safe. Kada a jefa batir tsirara cikin jakar ƙusoshi, domin ƙusa ɗaya tana iya haɗa bakunansa biyu. Idan ya fara hayaƙi ko wari, a zare soket, a fitar da shi fili idan ana iyawa ba tare da an taɓa shi da hannu ba, a kwarara masa ruwa mai yawa ko a rufe shi da yashi, a kuma bar shi a waje, gama yakan sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu.

Inji marar waya yana da wani haɗari da mai waya ba shi da shi, wato kullum a shirye yake. Babu soket da za a zare. Saboda haka kafin a canza tsinke, ko faifan giranda, ko haƙoran zarto, a cire batir tukuna, haka kuma idan za a ajiye shi inda yara suke. Murfin giranda da masu aiki suke cirewa wai yana tare musu gani, shi ne ke tsakanin fuskar mutum da faifan da ya tarwatse. Faifan yanka ma yana da ranar daina aiki, akan buga ta a zoben ƙarfen da ke tsakiyarsa. Tabarau na kare ido kuwa bai kai kuɗin katin asibiti ba. 'Yan matanmu da ke shiga waɗannan sana'o'i, kuma muna murna da yawansu, su ɗaure ɗankwali da gashi sosai kafin su kama abin da ke juyawa.

Idan batir ya tsufa, akwai masu buɗe shi su canza ƙwayoyin ciki. Aikin yana yiwuwa, amma a tambayi irin ƙwayar da za a sa. Da yawa daga tsofaffin baturan kwamfutar cinya ake ciro su. Girmansu ɗaya da na asali, amma an yi su ne domin su ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci, alhali inji yana fizgar wuta mai yawa a lokaci guda. Irin wannan batir zai nuna ya cika, amma da an danna shi a katako mai tauri sai ya ɗauki zafi ya mutu. Idan za a canza, a canza duka ƙwayoyin tare, sababbi, iri ɗaya, waɗanda aka yi domin kayan aiki. Wanda kuma ya mutu gaba ɗaya kada a jefa shi a bola, gama a unguwanninmu ƙona bola ake yi, yara kuma suna wasa a wurin. A liƙe bakunansa da salatif, a kai wa mai gyara ko shagon da aka saya.